Cocin Lutharan a Amurka da batun masu neman jinsi ɗaya

A shirinmu na tattaunawa an yi ta aiko mana da tambaya guda: wai da gaske ne cocin Lutharan ta buɗe ƙofa ga masu neman jinsi ɗaya, wato 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo? Tun da yake muna da maƙwabta 'yan Lutharan daga Numan har Ngaundere, kuma kuna haɗuwa da su a kasuwar shanu da mashaya, ya kamata mu warware zancen.

Da farko, ku sani cocin Lutharan ba ta da shugaba ɗaya na duniya irin Fafaroma na Katolika. Sunan ya samo asali ne daga Martin Luther, malamin addini na Jamus da ya yi wa cocin Roma tawaye a 1517, amma yau kowace ƙasa tana da tata majalisa, wani lokaci ma fiye da ɗaya. Kamar dai yadda ardon wata ruga ba ya yanke wa wata ruga hukunci, ko da kakansu ɗaya.

Abin da kuke ji a Amurka ya faru. A 1974 wasu 'yan Lutharan na can suka kafa ƙungiya mai neman a daina korar irin waɗannan mutane daga majami'a, a 1983 kuma ta fito da wani tsari da ikilisiya za ta bi in tana so ta bayyana cewa tana maraba da su. Ga yadda ake yi: membobin majami'a guda su zauna su yi ta muhawara, wani lokaci har fiye da shekara, suna karanta Littafi Mai Tsarki, suna sauraron iyayen da 'ya'yansu ke cikin wannan hali. Sannan su rubuta sanarwa cewa ƙofarsu a buɗe take, a kaɗa ƙuri'a, in ta wuce a sa sunan majami'ar cikin jerin masu maraba. Babu bishop ɗin da ke tilasta musu. Hujjar masu goyon baya ita ce waɗannan mutane 'ya'yan gida ne, a nan aka yi musu baftisma, kuma shiru da aka daɗe ana yi ya sa da yawa sun bar ibada gaba ɗaya. Masu adawa kuwa suka ce nassi ya riga ya yi magana, ƙuri'a ba ta canja shi. Har yau majami'un da suka yi wannan sanarwa ba su kai rabi ba.

Babbar girgiza ta zo a watan Agusta na 2009 a birnin Minneapolis, inda babban taron cocin ELCA, wadda ta fi kowace cocin Lutharan yawan mutane a Amurka, ya amince da ƙuri'a 559 da 451 cewa majami'ar da ta ga dama za ta iya ɗaukar fasto mai zaman aure da jinsinsa. Ku lura da tazarar, ba ta da yawa. Ɗaruruwan majami'u suka fice, a 2010 wasu suka kafa sabuwar coci tasu. Wata babbar cocin Lutharan ta Amurka, ta Missouri, ba ta taɓa yarda da wannan ba. A shekarar 2009 ɗin dai cocin Suwidin ta amince da ɗaura auren jinsi.

To, a Afirka fa? Cocin Lutharan ta Tanzaniya ta fitar da sanarwa a Dodoma a 2010 ta ce ba ta yarda ba. Ta Habasha, mai suna Mekane Yesus, wadda ke da miliyoyin mabiya, ta yanke hulɗa da ELCA da cocin Suwidin a 2013, duk da taimakon da take samu daga gare su. Cocin Lutharan ta Najeriya mai hedikwata a Numan, wadda mishan na ƙasar Denmark suka fara a 1913, ba ta ɗaura irin wannan aure, haka ma ta Kamaru da ke Ngaundere. Dokar ƙasa ma ta hana: a Najeriya dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14, a Kamaru kuma ana iya ɗaure mutum har shekara 5.

Abin da ke rikita mutane shi ne yawancin waɗannan coci suna zama a inuwa ɗaya, Tarayyar Lutharan ta Duniya, kuma ɗan Najeriya, Akbishop Musa Panti Filibus, shi ya shugabance ta daga 2017 zuwa 2023. Amma tarayyar ba ta kafa wa membobinta doka kan aure, zumunci ne da aikin agaji ya haɗa su.

Ni a ganina, haɗarin da ke gabanmu a wannan yanki shi ne jita-jita. Hoton wata majami'a ta Amurka da tuta mai launin bakan gizo yana iya yawo a WhatsApp a ce wai a Adamawa ne, ko a nuna wani saurayi a kasuwa a jefe shi da zargi, taro ya far masa kafin kowa ya tambayi gaskiya. In irin wannan hoto ya shigo wayarku, ku duba sunan garin da ke jikin allon majami'ar kafin ku tura wa wani.