Siffa da Suna: Darasi Daga Ƙwaron Ganye

Ƙwaron ganye, wanda ake samu a kudancin Asiya da Ostareliya, siffarsa takan bambanta gwargwadon jinsi da girma. Tamatar faffaɗa ce tamkar ɗanyen ganye, galibi ba ta tashi. Namijin kuwa siriri ne, yana tashi. 'Ya'yan sukan fito ja-ja ko baƙi-baƙi, sai sun fara cin ganye su koma kore. Wannan ya sa masana suka ɗauki namiji da tamatar wani irinsa na tsibirin Niyu Gini a matsayin iri biyu, har 2020. Bahaushe ma ɗango yake kiran fara kafin ta yi fiffike. Saboda haka wajibi ne mai tattara sunayen ƙwari a gonakin Mubi ya tantance ko sunan iri ne aka ba shi, ko na jinsi, ko na matakin girma.