Daga hunturun Adar zuwa sanyin Turai da Amurka: Yadda ake kare bututun ruwan mota mai ɗaki daga fashewa

A Madawa da Buza da Keita, sanyi na nufin iskar hunturu ta watan Disamba da Janairu. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, ruwan randa ya yi sanyin da sai an ɗumama kafin a yi alwalar asuba. Sai dai duk tsananinsa, ba a saba ganin ruwa ya zama ƙanƙara a cikin tiyo ba. Manomin albasa a kwarin Tarka yana barin injin ban-ruwansa a fili ya kwana, da safe ya tayar da shi ba tare da fargaba ba. A duk Nijar, sai can arewa, a tsaunukan Ayir da yankin Bilma, sanyi kan kai ma'aunin daskarewa.

Amma yankin Adar gida ne na 'yan ci-rani. Matasan jihar Tahoua sun daɗe suna fita bida zuwa Najeriya, Kodebuwa, Libiya da Aljeriya, wasu kuma sun zarce Italiya, Faransa, Beljiyam, Kanada da Amurka. A can ne da dama ke cin karo da wata matsala da ba wanda ya koya musu a gida: ruwan da aka bari a cikin bututu yana iya fasa shi cikin dare ɗaya.

Abin ya fi shafar masu mota mai ɗaki, wato motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda tsadar haya ke sa wasu mayar da ita mazauni. Haka ma masu motar sayar da abinci, domin tankinsu da famfonsu iri ɗaya ne. Bututun irin waɗannan motoci siriri ne, kuma babu wani kaurin bango tsakaninsa da iskar waje.

Me ya sa bututu ke fashewa?

Ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Selsiyus, wanda ya yi daidai da 32 a ma'aunin Farenhait da ake amfani da shi a Amurka. Idan ya daskare, girmansa kan ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. Duk wanda ya taɓa manta kwalbar lemo a firiza ya san ƙarshen labarin.

A cikin bututu, ƙanƙarar kan toshe wuri guda, sannan ta riƙa matse ruwan da ya rage tsakaninta da famfon da ke rufe. Wannan matsin ne ke tsaga roba ko ƙarfe, galibi a mahaɗa ko a lanƙwasa. Mai motar ba ya ganin ɓarnar nan take. Sai ƙanƙarar ta narke ruwa ya fara malala ƙarƙashin daɓe, katako ya ruɓe, wayoyin lantarki su jiƙe.

Ko garuruwan da ba su saba da sanyi ba ba su tsira ba. A watan Fabrairun 2021, guguwar sanyi ta afka wa jihar Texas ta Amurka, wutar lantarki ta ɗauke, bututu suka farfashe a gidaje, sama da mutum miliyan 14 suka shiga matsalar ruwan sha. Hukumomin lafiyar jihar sun ce mutum 246 ne suka rasu. Kusa da gida ma, garuruwan kan tudu na Aljeriya irin su Djelfa da Setif suna samun dusar ƙanƙara a lokacin sanyi.

Matakan da ake bi

Aikin na farko shi ne fitar da ruwa gaba ɗaya, kuma ana yin sa ne kafin daren farko da sanyi zai sauka ƙasa da digiri 0. Ana kashe tukunyar ɗumama ruwa, ta gas ce ko ta lantarki, a bar ta ta huce sarai. Buɗe ta da zafinta na iya ƙona mutum. Bayan ta huce sai a saki matsin da ke ciki, a cire murfin ƙasa ruwan ya zube.

Daga nan sai tankuna uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanke-wanke da wanka, da na masai. Biyun ƙarshe ana zubar da su ne a wuraren da aka keɓe, domin zubar da su a titi ko magudana laifi ne da ke jawo tara. Sannan a buɗe dukkan famfuna, na zafi da na sanyi, tare da 'yan ƙofofin zubarwa da ke ƙarƙashin motar. A cire matatar ruwa idan akwai.

Ko bayan haka ruwa kan maƙale a lunguna. Hanyoyi biyu ake bi a kore shi. Ta farko ita ce hura iska da inji irin na masu faci, a kan matsin psi 30 zuwa 40, ana buɗe famfo ɗaya bayan ɗaya har sai iska kaɗai ke fita. Idan matsin ya yi yawa, injin da kansa zai yi ɓarnar da ake gudu.

Ta biyu ita ce cika bututun da ruwan hana daskarewa na musamman, mai launin hoda. Yawancin motoci kan sha galan 2 zuwa 3, wato kimanin lita 8 zuwa 11. Kafin a zuba, ana juya makullin da ke sa ruwa ya kewaye tukunyar ɗumama ruwa, in ba haka ba ita kaɗai za ta shanye kusan lita 23. Sai a kunna injin tura ruwa, a buɗe kowane famfo har launin hoda ya bayyana, har da na wanka da na masai da wanda ke waje. A ƙarshe a zuba kamar kofi guda a kowace magudana, domin akwai lanƙwasa a ƙarƙashinta da ruwa ke kwanciya.

Kuskuren da ke kai wa ga asarar rai

Ruwan hana daskarewa iri biyu ne, kuma rikita su na da haɗari. Na bututun ruwan sha ana yin sa ne da sinadarin propylene glycol ko barasa. Na lagireton mota kuwa ethylene glycol ne, guba mai lalata ƙoda, ga shi da zaƙi a baki, abin da ke jan hankalin yara. Launi kaɗai bai isa shaida ba, tun da akwai na lagireto mai launin hoda. Sai an karanta jikin jarkar an tabbatar cewa na bututun ruwan sha ne.

Haɗari na biyu wuta ce. Idan bututu ya riga ya daskare, ba a kai masa harshen wuta. Ana buɗe famfon, a ɗumama wurin a hankali da na'urar busar da gashi ko tsumma mai ruwan zafi. Haka nan kurfoti ko kaskon gawayi da aka saba jin ɗumi da shi a Keita ba ya shiga rufaffiyar mota: iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

Ga wanda ke kwana a ciki

Wanda motar ce gidansa ba zai iya rufe ruwa wata huɗu ba. Abin da masu irin wannan zama ke yi shi ne kewaye ƙasan motar da allo ko tamfol don tare iska, naɗe tiyo da soso mai riƙe zafi, da barin ƙofofin kabad a buɗe domin ɗumin ɗaki ya kai ga bututu. Wasu kan zubar da ruwan tsarin baki ɗaya su koma amfani da jarka har sanyi ya wuce, dabarar da ɗan Buza ba ya buƙatar a koya masa.

Masu zuwa gida hutu a ƙarshen shekara su ne suka fi shiga tarko, domin lokacin tafiyarsu ne sanyi ke tsananta a can. Wanda zai bar gidan haya ya bar na'urar ɗumama ɗaki a kan digiri 13 ko sama, ko ya rufe babban makullin ruwa ya tsiyaye famfuna. Kamfanonin inshora da dama kan ƙi biyan diyya idan suka ga sakaci ne ya jawo ɓarnar.

Idan sanyi ya wuce, ana wanke bututun da ruwa mai tsabta har launin ya ɓace, a zuba ruwan jabel kimanin mililita 60 ga kowace lita 57, a bar shi aƙalla awa 4, sannan a sake ɗaurayewa. Tukunyar ɗumama ruwa kuma sai ta cika kafin a kunna ta, in ba haka ba ƙarfen da ke ɗumamawa zai ƙone.

Duka aikin bai wuce awa ɗaya ko biyu ba. Kuɗin gyaran da yake hanawa kuwa, ga ɗan ci-rani, sau da yawa shi ne kuɗin hatsi ko na makaranta da iyali ke jira a Madawa.