Jerin Sarƙa da Salsalar Sarakuna: Wata Hanya ta Koyar da Masu Fara Ilmin Kwamfuta



Ni malamin Hausa ne, saboda haka ya kamata in fara da faɗin abin da ya kawo ni wannan fage. Wani ɗalibi ne, mutumin Ƙafin Maiyaki, wanda ke shekarar farko ta koyon rubuta wa kwamfuta umarni, ya same ni da kukan wani darasi da ya kayar da shi a jarrabawa. Ya haddace umarnin tsaf, amma da aka sauya masa tambaya kaɗan sai ya kasa. Darasin shi ne abin da zan kira jerin sarƙa. Da na bincika sai na ga abu ne da Bahaushe ya daɗe da saninsa, an dai kawo masa shi ne cikin baƙin harshe.

Ma'ajiyar kwamfuta gurabe ne masu ɗimbin yawa, kowane da lambarsa, watau adireshinsa. Hanya biyu ce ake ajiye jerin abubuwa a cikinta. Ta farko ita ce a jera su kafaɗa da kafaɗa, kamar buhunan masara a sito. In ana son na goma, nan take a kai gare shi. Amma in aka kawo sabon buhu aka ce lalle sai ya zama na uku, to, duk na bayansa sai an gusar da su ɗaya bayan ɗaya. Ta biyu kuwa, a bar kowane abu ya zauna duk inda ya sami gurbi, sai dai a raba shi gida biyu: kayan da ya ɗauko, da manuni, watau adireshin na gaba da shi. Wannan shi ne gaɓa. Gaɓar farko ita ce kai, ta ƙarshe kuma manuninta "babu" yake cewa. Allen Newell da Cliff Shaw da Herbert Simon ne suka tsara wannan dabara a Amurka tsakanin 1955 da 1956, sa'an nan John McCarthy ya gina harshen LISP a kanta a 1958.

To, ina wahalar take? Ɗalibi ya saba ɗauka cewa na biyu shi ne wanda ke kusa da na ɗaya. A jerin sarƙa kuwa kusanci ba ya nufin kome; manuni kaɗai ke yanke hukunci. A nan ne salsala za ta yi mana rana.

Ku dubi Tarihin Kano, wanda Palmer ya buga fassararsa a 1908. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ɗan Yakubu ne, ɗan Abdullahi Burja, ɗan Kanajeji, ɗan Yaji. Kowane suna mahaifinsa kaɗai ya nuna; mai neman Yaji daga Rumfa dole ya bi ta kan ukun nan, ba tsallake, kamar yadda mai zuwa Doguwa daga Ƙafin Maiyaki ba ya da makawa sai ya bi ta Tudun Wada. Abin lura kuma shi ne, in aka bi jerin hawan gadon sarauta, wani tsari dabam ake samu. Bayan Kanajeji, Umaru da Dauda ne suka hau kafin Burja. Bayan Burja kuma sai da Dakauta da Atuma suka yi ɗan zamansu kafin Yakubu. Mutanen ba su sauya ba, ba wanda aka gusar daga wurinsa, amma ga sarƙa biyu, ɗaya ta haihuwa, ɗaya ta mulki. Ɗalibin da ya gane wannan ya gane manuni, kuma ban san wani zane a kan allo da ya fi shi saurin shiga kai ba.

Saura sakawa da cirewa, inda yawancin ɗalibai ke tuntuɓe. Alal misali, ana so a sa sabuwar gaɓa tsakanin ta biyu da ta uku. Tilas sabuwar ta fara karɓar adireshin ta uku, sa'an nan a juya manunin ta biyu gare ta. In aka yi gaggawa aka fara juya na ta biyu, adireshin ta uku ya salwanta, duk abin da ke bayanta ya ɓace, alhali yana nan daram cikin ma'ajiya. Wanda ya yi karatun hadisi ya san irin wannan: isnadin da maruwaici ɗaya ya faɗi daga cikinsa ya yanke, ko da matanin yana nan. Ma'aikata ma sun san fayil ɗin da ke cikin ofis, amma ba wanda ya rubuta teburin da aka kai shi.

Shawarata ga masu koyarwa ita ce, kada a taɓa kwamfuta a ranar farko. A tsayar da ɗalibai shida a warwatse cikin aji, a ba kowa takarda mai ɗauke da sunan na gaba da shi, a ce wa wani ya shigar da na bakwai. Ya yi kuskuren, ya ga 'yan'uwansa uku tsaye ba mai iya kai wa gare su. Bayan haka a koma ga harshen C, inda manuni yake a fili.

Akwai masu cewa a daina wannan darasi a shekarar farko, tun da harsuna irin su Python sun ɓoye manuni. Suna da hujja. Bjarne Stroustrup, wanda ya ƙago C++, ya nuna a wata lacca a 2012 cewa a injunan zamani jerin kafaɗa da kafaɗa yakan fi sarƙa sauri, har a wajen sakawa da cirewa, domin injin ya fi saurin ɗauko abubuwan da ke maƙwabtaka da juna. Na yarda da wannan. Sai dai ba don sauri ake koyar da sarƙa ba. Ita ce wurin da ɗalibi ke fara rarrabe abu da adireshinsa, kuma darussan shekara ta biyu, irin su jeri mai rassa, a kan wannan bambanci aka gina su. Har yau ma cikin tsarin Linux sarƙoƙi ne birjik.

Shi kuwa ɗalibin nan, da na sa shi ya rubuta salsalar gidansu har kaka na huɗu, sa'an nan ya shigar da wani kaka da aka manta a tsakiya, bai tambaye ni wanne manuni zai fara juyawa ba.