Squid Game Zango na Biyu: Kasuwa Ta Cika, Labari Ya Tsaya a Rabi

Ranar 26 ga Disamban 2024 kamfanin Netflix ya saki zango na biyu na Squid Game, shirin Koriya ta Kudu da ya girgiza duniya shekara uku kafin nan. Cikin kwana huɗu kamfanin ya sanar da kallo miliyan 68, adadin da ya karya tarihin da shirin Wednesday ya kafa na makon farko, kuma shirin ya hau mataki na ɗaya a ƙasashe 92. Amma washegarin fitowarsa, a kasuwar hannayen jari ta Seoul, darajar wasu kamfanonin fim masu alaƙa da shirin ta faɗi warwas, saboda sharhin farko da masana suka rubuta ya zo da sanyi. Waɗannan abubuwa biyu da suka faru a mako guda sun taƙaita halin da zangon ya tsinci kansa: jama'a sun yi tururuwa, amma da yawansu sun tashi da ƙishirwa. Sanin dalilin haka yana buƙatar a koma inda shirin ya samo asali.

Abin da aka ɗora wa zangon a kai

Hwang Dong-hyuk ya rubuta labarin ne tsakanin 2008 da 2009, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe kuma gidansu ke fama da bashi. Kusan shekara goma masu zuba jari suna mayar masa da takardunsa, suna cewa labarin ya yi muni kuma ba mai yarda da shi. Da ya fito ranar 17 ga Satumban 2021, kashi tara, sai ya zamana duniya ce ta iso inda labarin yake: annobar korona ta kulle mutane a gida, sana'o'i sun mutu, bashin da ke kan magidanta a Koriya ta Kudu ya haura duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Mutum 456 da bashi ya yi wa katutu suna wasannin yara a kan won (kuɗin Koriya) biliyan 45.6, wanda ya faɗi a harbe shi, kowace gawa kuma ta ƙara won miliyan 100 a asusun da ke rataye a samansu. Tarihin jarumin, Seong Gi-hun, an ɗauko shi daga yajin aikin ma'aikatan kamfanin motoci na Ssangyong a 2009, wanda 'yan sanda suka murƙushe.

An kalli zangon farko na sa'o'i biliyan 1.65 cikin kwana 28. A 2022 Lee Jung-jae, wanda ya fito a matsayin Gi-hun, ya karɓi kyautar Emmy ta gwarzon jarumi, Hwang ya karɓi ta ba da umarni. Duk wanda ya zo bayan wannan, da ma'aunin da ya fi ƙarfinsa za a auna shi.

Dalilai uku da suka rage masa kaifi

Na farko, mamaki sau ɗaya ake yin sa. A 2021, lokacin da ƙatuwar 'yar tsanar wasan farko, mai gano duk wanda ya motsa, ta juyo da kanta aka fara harbi, mai kallo da 'yan wasan a tare suka gane inda suka shigo. Mutum 255 suka mutu a wannan fili. A zango na biyu an sake buɗewa da wasan, amma yanzu mai kallo ya san komai, Gi-hun ma ya sani. Yana tsaye a gaba, ya kare bakinsa da hannu don kada 'yar tsanar ta ga motsin leɓensa, yana yi wa jama'a ihu su daskare, gajeru su ɓuya a bayan dogaye. Dabara ce mai kyau, ta kuma rage mamata zuwa 91. Sai dai firgicin da ya sa mutane suka riƙa kiran abokansu a waya suna cewa lallai ku kalli wannan, ba ya dawowa.

Na biyu, dalilin haihuwar zangon. Hwang bai ɓoye ba cewa da farko bai yi niyyar ci gaba ba; wahalar aikin farko ta zubar masa da haƙora da dama. Da BBC ta tambaye shi a 2024 abin da ya sauya masa ra'ayi, ya ce kuɗi ne, domin duk nasarar da zangon farko ya samu shi bai amfana da wani abin kirki ba, sannan ya ƙara da cewa bai gama labarin ba. Wannan ya samo tushe daga tsarin kwangilar Netflix, inda ake biyan mai aiki ladansa tun farko, kamfanin ya mallaki shirin da duk abin da zai haifar. Kafar Bloomberg ta ruwaito cewa an kashe kimanin dala miliyan 21 wajen yin zangon farko, alhali ƙimar da kamfanin ya lissafa ya samu ta kusa dala miliyan 900. Ba laifi ba ne mutum ya nemi haƙƙin guminsa. Amma labarin da ya kwana shekara goma a cikin marubuci yana nuna, daban yake da wanda aka rubuta kasuwa na tsaye a bakin ƙofa tana jira.

Na uku, kuma shi ne mafi girma, yanka labarin gida biyu. An ɗauki zango na biyu da na uku a jere, aka saki kashi bakwai, aka riƙe shida sai 27 ga Yunin 2025. Kashi biyun farko sun tafi a waje, Gi-hun yana kashe dukiyar da ya ci a zangon farko wajen neman mutumin da ke farautar 'yan wasa a tashoshin jirgin ƙasa. Wasanni uku kacal aka buga, alhali a zangon farko shida ne cif. Ɗan sanda Jun-ho ya shafe zangon yana shawagi a teku yana neman tsibirin da ake wasannin bai same shi ba. Ƙarshe kuma aka tsaya a tsakiyar tawayen 'yan wasa da ya rushe, an harbe Jung-bae, aminin Gi-hun, a gaban idonsa. Mai kallon da ya jira shekara uku yana da hujja idan ya ji an ba shi rabin tuwo an ce ya dawo bayan wata shida ya karɓi miya.

Inda zangon ya zarce na farko

Duk da haka, zalunci ne a ce ba a kawo sabon abu ba. Kashi na farko kaɗai ya isa shaida. Mai farautar 'yan wasa, wanda Gong Yoo ya fito a matsayinsa, ya shiga wani dandali da marasa matsuguni ke kwana, riƙe da burodi a hannu guda, tikitin caca a ɗayan, ya ce kowa ya zaɓi ɗaya. Kusan dukkansu tikitin suka ɗauka, suka kankare, ba su ci komai ba. Sai ya zube burodin a ƙasa, ya hau tattakewa da takalminsa mai sheƙi yana zarginsu da cewa su suka yar da abincin. Cikin mintuna kaɗan an nuna aƙidar masu wasan gaba ɗaya: a ɗana wa mayunwaci tarko, idan ya faɗa a ce kwaɗayinsa ne mabuɗin wahalarsa.

Babban sauyin shi ne ƙuri'ar a ci gaba da wasan ko a tsaya. A zangon farko sau ɗaya aka yi ta. Tsoho mai lamba 001 ya raba gardama, 101 da 100, aka tafi gida, sannan 187 daga cikin 201 suka dawo da ƙafarsu saboda rayuwar waje ta fi wuta zafi. A zango na biyu bayan kowane wasa ake jefa ƙuri'a, kuma idan masu son tsayawa suka yi rinjaye za a raba abin da ya taru. Bayan wasan farko rabon kowa bai kai won miliyan 25 ba, alhali wasu bashinsu ya haura biliyan. Sai aka fara jin kalmar da kowane ɗan caca ya sani: wasa ɗaya kawai za mu ƙara. An manna wa kowa alamar O ko X a ƙirji, ɗakin kwana ya rabu biyu, maƙwabci ya zama abokin gaba, har aka kai ga kashe-kashe a banɗaki. A ƙuri'ar farko ta wannan zangon ma mai lamba 001 ne ya raba gardama, 183 da 182, sai dai shi ci gaba ya zaɓa, domin shi ne Front Man, shugaban masu gadin, ya saje da 'yan wasa da sunan Young-il. Lee Byung-hun ya riƙe wannan matsayi da natsuwa mai ban tsoro: yana cin abinci da Gi-hun, yana murna tare da shi, yana kuma auna ranar da imaninsa da mutane zai karye.

Zangon ya fito ne makonni uku bayan shugaban Koriya ta Kudu na lokacin, Yoon Suk Yeol, ya ayyana dokar soja ranar 3 ga Disamba, majalisa ta kaɗa ƙuri'ar tsige shi ranar 14, titunan Seoul kuma suka cika da ɓangarori biyu masu adawa da juna. An gama ɗaukar shirin tun kafin haka, amma 'yan Koriya sun ga kansu a cikinsa. Haka kuma sababbin 'yan wasan sun fi ƙuruciya: Myung-gi mai tallar kuɗin kirifto a YouTube wanda ya jefa mabiyansa cikin asara, mawaƙi Thanos da ya faɗa ramin, Jun-hee mai juna biyu, da tsohuwa Geum-ja da ta shigo don biyan bashin cacar ɗanta ta tarar da shi a ciki. Ƙasar da ta ga rushewar kuɗin kirifto na Luna a 2022 ta san waɗannan fuskoki. Ko wasannin ma akwai na ƙwarai: wanda aka ɗaure mutum biyar ƙafa da ƙafa kowa ya ci nasa ƙaramin wasa, ciki har da gonggi mai kama da carafken 'yan matanmu, ya sa maƙiya suna yi wa juna tafi, wanda kuma ake kiran lamba a ruga ɗakuna ya nuna yadda ake sakin hannun aboki cikin daƙiƙa guda.

Abin da ya biyo baya

A lissafin Netflix na kwana 91, zangon farko yana da kallo sama da miliyan 265, na biyu kimanin miliyan 192, na uku ya gaza na biyu. Kowanne a cikinsu nasara ce da yawancin shirye-shirye ba sa mafarkinta, amma saukar a bayyane take. Ga kamfanin, darasin shi ne suna ya isa ya tara jama'a. Tun a Afrilun 2023 ya yi alƙawarin zuba dala biliyan 2.5 a shirye-shiryen Koriya cikin shekara huɗu, a Nuwamban shekarar kuma ya fitar da gasar gaske mai suna Squid Game: The Challenge, mutum 456 a kan dala miliyan 4.56. Labarin da aka rubuta don nuna muni a yi nishaɗi da wahalar matalauta ya zama hajar da ake sayarwa ta kowace fuska, kuma wannan ya rage wa zango na biyu nauyin maganarsa tun kafin ya fito. Zango na uku ma, bayan Gi-hun ya ba da ransa don jaririyar Jun-hee, ya rufe da Cate Blanchett tana farautar ɗan wasa a wani lungu na Los Angeles, ƙofa ce da aka bari a buɗe ga kasuwa.

To, zangon ya cika fata? Wanda ya zo neman firgicin 2021 bai samu ba, kuma babu marubucin da zai iya mayar masa da shi. Wanda ya zo neman cikakken labari an ba shi rabi, laifin kuma na tsarin sakin ne fiye da na alƙalami. Da an haɗa kashi goma sha ukun a fita guda, da rabin ƙorafin bai taso ba. Amma wanda ya zo da tambayar da Hwang ya fara da ita, wato me ke sa mutum ya sayar da ransa, ya tafi da amsar da ta fi ta farko ɗaci. A zangon farko bashi ne ya koro mutane zuwa tsibirin. A na biyu an buɗe musu ƙofa har sau uku, da kuɗi a hannu, wanda ya taɓa tsira yana roƙonsu su fita, suka taka zuwa gaban akwatin suka danna maɓallin ci gaba. Wannan hoton ya cancanci zangon da aka yi dominsa, ya kuma cancanci a ba shi ƙarshensa a lokaci guda.