Tasi ba direba: Me ya sa jama'a ke ɗari-ɗari?

A kan titin da ya ratsa Gujungu, a ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, mai son tsallakawa ranar kasuwa yakan dubi fuskar direba kafin ya ɗaga ƙafa. Direban kuma yakan ɗaga masa hannu, ko ya ƙyafta fitila.

To yaya ke nan idan babu kowa a kujerar direba?

Wannan ce tambayar da ke gaban kamfanonin da ke ƙera motocin tasi masu tuƙa kansu. Motocin dai suna amfani ne da kyamarori da wasu na'urori masu auna nisan duk abin da ke kewaye da su, yayin da kwamfuta ke sarrafa sitiyari da birki.

Kamfanin Waymo, wanda ya samo asali daga wani shirin Google na shekarar 2009, ya buɗe wa jama'a irin wannan tasi a birnin Phoenix na Amurka a 2020. Kamfanin Baidu ma yana jigilar fasinjoji da irinsu a birnin Wuhan na ƙasar Sin.

Abin da ya jawo shakku

A watan Maris na 2018 wata motar gwaji ta kamfanin Uber ta kashe wata mata da ke tura keke tana tsallaka titi da dare a jihar Arizona. Bincike ya nuna cewa na'urar motar ba ta gane cewa mutum ne ke tsallakawa ba.

A watan Oktoban 2023 kuma, a birnin San Francisco, wata mota mai direba ta buge wata mata, ta wurga ta gaban tasin kamfanin Cruise, wadda ta ja ta a ƙasa kimanin mita shida. Hukumomin jihar Kalifoniya sun dakatar da lasisin kamfanin, suna zarginsa da ƙin bayyana cikakken abin da ya faru. A ƙarshen 2024 General Motors, mai kamfanin, ya daina zuba kuɗi a harkar.

Wani binciken jin ra'ayi da ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta fitar a 2024 ya nuna cewa kashi 66 cikin ɗari na direbobi suna tsoron irin waɗannan motoci.

Yadda motar ke magana

Don haka ne kamfanonin suka duƙufa neman abin da zai maye gurbin ido da hannun direba. Motocin Waymo kan nuna haruffan farko na sunan fasinja a kan rufinsu, su kuma haska alamar mutum idan sun tsaya wa mai tsallakawa. A ciki akwai allo da ke nuna abin da motar ke gani, da maɓallin kiran ma'aikaci.

Sai dai alama ba ta da amfani idan ba a san ma'anarta ba, kuma kowane kamfani da irin tasa.

Masu goyon bayan fasahar na cewa kwamfuta ba ta gyangyaɗi, ba ta kuma gudun ganganci. Hujja ce mai nauyi, ganin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mutane kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin mota kowace shekara, kuma lamarin ya fi muni a Afirka.

Amma motocin na dogara ne da taswira mai cikakken bayani da tituna masu alamomi. Hanyar da babura da amalanken shanu da awaki ke rabawa da manyan motoci wata jarrabawa ce dabam.

Akwai kuma batun alhaki. A tasha, idan kaya ya ɓata ko an yi haɗari, an san direba, an san shugabannin ƙungiyarsa. Ga tasi marar direba kuwa, kamfani ne kaɗai abin kamawa, kuma abin da ya sami Cruise ya nuna yadda yarda ke saurin rushewa da zarar an zargi kamfani da rufa-rufa.