Ko Kun Sani? Inuwar da Ke Ba da Lantarki

Ko kun san cewa a wasu ƙasashe gona ɗaya tana ba da amfanin gona da wutar lantarki a lokaci guda? Ana kafa farantan sola a kan dogayen turakun ƙarfe, shuka kuma tana girma a ƙarƙashinsu.

Masana biyu 'yan Jamus, Adolf Goetzberger da Armin Zastrow, suka kawo shawarar tun 1981, amma ta daɗe a takarda. A 2016 cibiyar bincike ta Fraunhofer ta gwada ta a gonar Heggelbach, kudancin Jamus. An ɗaga farantan kimanin mita 5 daga ƙasa don tarakta ta riƙa wucewa, aka shuka alkama da dankalin Turawa da ciyawar dabbobi.

A shekarar farko shuka ta ɗan yi kewar rana, amfani ya ragu. Sai bazarar 2018 ta zo da zafi da fari. A nan inuwa ta biya bashinta: ƙasar da ke ƙarƙashin farantan ba ta bushe da wuri ba, dankalin wurin kuma ya fi na fili albarka.

A Holan ma, wasu masu lambun 'ya'yan itace sun maye rumfunan leda da farantan da haske ke ratsawa, suna kare 'ya'yan daga ƙanƙara da ruwa mai ƙarfi. Tsadar turakun ƙarfen nan ce dai har yanzu ke sa ƙaramin manomi ja da baya.