Injamena: Birnin da ake sayen haske da lafiyar ƙirji

Ƙarfe biyu na dare tarin yarinyar ya tashe ni. A tsakar gida muke kwance, don a watan Afrilu ɗaki ba ya kwantuwa a Injamena, babban birnin Chadi. Da rana zafi kan haura maki 40, bango kuma ya riƙe shi har asuba. Na sauka ne a gidan wani kawuna a unguwar Digel, mutumin da ya shekara fiye da ashirin yana kasuwanci a can. Tarin na jikarsa ne, 'yar shekara biyar.

Bayan katangar gidan, janaretan maƙwabcinsa ne ke ruri. A nan “gurup” suke ce masa, daga Faransanci. Babba ne, mai shan dizal, kuma bututun hayaƙinsa ya fuskanci tsakar gidanmu. Maƙwabcin ƙanƙara da ruwan sanyi yake sayarwa, firiza huɗu gare shi. Tun la'asar aka ɗauke wuta.

Da gari ya waye na ce, “Kawu, ba za a yi masa magana ba?” Sai ya yi murmushi. “Ɗana, in ya kashe, ƙanƙararsa ta narke, me zai ba iyalinsa? Kuma wayar da ta ba mu fankar nan, daga injin nasa aka jawo ta.” Na yi shiru.

Abin ɗaure kai shi ne Chadi ƙasar mai ce. Tun 2003 take tura ɗanyen mai daga Doba zuwa tashar Kribi ta Kamaru, kuma a 2011 aka buɗe matatar Jarmaya a arewacin birnin. Duk da haka alƙaluman Bankin Duniya sun nuna kusan mutum 1 cikin 10 ne kacal ke da lantarki a ƙasar. Ita kanta tashar wutar da ke unguwar Farsha mai take ƙonawa. Don haka otal, banki, shagon magani, mai walda, duk wanda ke da hali ya ajiye injinsa. A Fabrairun 2024 gwamnati ta ƙara kuɗin mai, litar dizal ta tashi daga Sefa 700 zuwa 828. Injinan ba su yi shiru ba. Abin da na lura da shi a gareji da shaguna shi ne, in kuɗi ya tafi a mai, sai a jinkirta juyen baƙin mai da canjin matata, inji ya riƙa aman baƙin hayaƙi.

Wannan baƙin da ido ke gani ma da sauƙi. Mugun yana cikin ƙananan ɓurɓushin da masana ke kira PM2.5, waɗanda suka fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Hanci ba ya tare su, har can cikin huhu suke sauka, wasu su shiga jini. Su ne ke tayar da asma, suna kuma da hannu a ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Tun 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. Ga kuma iskar gubar nan marar wari da ke kashe mutane cikin barci in an kunna inji a wuri rufe, labarin da mu a Kano ba baƙonmu ba ne.

Rahoton kamfanin IQAir na 2024 ya ɗora Chadi a sahun farko na ƙasashe masu gurɓatacciyar iska, da ma'aunin 91.8, alhali Hukumar Lafiya ta ce kada matsakaicin shekara ya wuce 5. Adalci dai, ba janareta kaɗai ya jawo haka ba. Babban kaso ƙura ce daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar, wanda iskar hunturu ke kwasowa har ta iso mana Najeriya, sai itacen girki da ƙona shara da babura. Sai dai ƙura da lokacinta, tana kuma zuwa daga nesa. Hayaƙin inji kuwa kullum ne, a bakin taga, daidai tsayin hancin yaro. Awon ma yanzu ya ƙara wuya, domin na'urar ofishin jakadancin Amurka aka fi dogaro da ita, kuma a Maris ɗin 2025 Amurka ta daina fitar da irin waɗannan bayanai daga ofisoshinta.

Kwana uku bayan nan aka kai yarinyar wani ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar jinyar ta saurari ƙirjinta, tambayarta ta farko ita ce ko akwai gurup kusa da inda take kwana. Tana tambayar, nasu injin yana kaɗa gilashin tagar.

Kawu bai je da faɗa ba. Bayan sallar isha'i ya tari maƙwabcin a ƙofar masallaci, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Washegari aka kira mai walda ya ƙara wa bututun tsawo har ya wuce rufin kwano, suka raba kuɗin biyu. Maganar sola ma ta taso, amma da suka lissafa batiran da za su riƙe firiza huɗu har safe, kowa ya kama bakinsa.

Daren da zan taho, hayaƙin sama yake tashi, iska tana karkata shi gabas, inda wani gidan yake da nasa yaran a shimfiɗe a waje. Jikar kawu ta yi tari sau biyu, ta koma barci.